Firjin da Baba Ke Saurare

A shekarar da yanar ido ta gama rufe idanun Baba ne firjin ya shigo gidanmu a unguwar Maamobi. Na wata maƙwabciyarmu ne da za ta koma Ashaiman, ɗakin da ta samu a can ba zai ɗauke shi ba, sai ta bar mana. Maza suka tallabo shi ta lungunmu, wanda ko mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa, suna karkata shi suna ta cewa a hankali, a hankali, har ya tsallake dokin ƙofa. Matar ta ja mini kunne kada in kunna shi sai ya huta a tsaye, man injinsa ya koma mazauninsa. Haka ya wuni a kusurwar falo shiru, kamar baƙon da bai saba da mutanen gida ba.

Ni ɗinki nake yi. Kekena yana baranda, Baba kuma yana falo a kan tabarma, ya jingina da bango, carbi a hannu. Tsohon mahauci ne, ya yi zamaninsa a kasuwar Nima har gwiwa ta gaza, sannan ido ya bi baya. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Mijina direban babbar mota ne, in ya nufi arewa sai ya jima bai dawo ba, don haka yawancin lokaci daga ni sai Baba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata yake ce mini.

Firjin irin mai firiza a ƙasa ne. Sama ƙofa ce doguwa ta kayan miya da ruwan sha, ƙasa kuma durowa ce babba da ake jawowa. Ranar da muka kunna shi, Baba ya matso da tabarmarsa, ya shafa shi tun daga inda hannunsa ya kai har ƙasa, ya jawo durowar, sanyi ya bugi fuskarsa.

"Uwata, wannan kife shi aka yi? Na ji kan a ƙasa."

"Haka aka ƙera shi, Baba. Don kada mutum ya riƙa sunkuyawa in zai ɗauki ruwa."

"To, ni da nake ƙasa an kyauta mini," in ji shi.

Daga nan durowar ta zama tasa. In rana ta take, kwanon rufi ya fara amayo zafi, sai in ji ƙarar jawota. Ba abin da yake ɗauka. Tafin hannunsa kawai yake ɗorawa a kan ƙullin nama da ya daskare, ya bar shi ya yi sanyi, ya mayar da durowar, sannan ya dafa goshinsa da hannun. Na sha yi masa magana cewa yawan buɗewa yana wahalar da injin. Sai ya ce to, gobe kuma ya sake.

Abin da ya fi so shi ne sauraro. Tsakanin azahar da la'asar unguwarmu takan yi wani irin lumshewa. Masu tallan ruwa sun nemi inuwa, rediyon mai aski ya yi ƙasa-ƙasa, jirgin sama yakan ratsa ta samanmu a hankali yana neman sauka. A wannan lokacin ba abin da ke motsi a falo sai firjin. Yana da gurnani mai laushi, yana da wani kuka kamar ruwa na gangarawa cikin bututu, wani lokaci kuma ya yi ƙas, kamar an karya tsinke. Baba ya san kowanne. In na dakata da taka keke, sai in ji yana magana shi kaɗai.

"Ga teku nan," yakan ce. "Haka take ji in kana tsaye nesa da bakinta da sassafe, kafin masunta su dawo."

Wata rana kuma ya ce motar shanu ce ta tsaya a kan iyaka, direba ya bar injin yana aiki, su kuma suna kwance a ƙarƙashinta suna jiran a buɗe hanya. Ban taɓa zuwa wuraren nan ba, amma na san su ta bakin Baba da kukan firji. Har ni ma in na lumshe ido a kan keke, sai in ga falonmu yana tafiya a kan wata doguwar hanya mai jan ƙasa, labule yana kaɗawa.

Shi ya fara jin ciwon firjin. Ana saura kaɗan Babbar Sallah, ɗinki ya yi mini yawa, ya kira ni.

"Uwata, zo ki ji. Akwai abin da ke ƙwanƙwasa daga ciki."

Na kara kunne. Can ƙasa, bayan durowa, wani abu yana yin kat-kat-kat da sauri, kamar an sa kara a cikin fanka. Da na jawo durowar sai ya tsaya, da na mayar sai ya ci gaba. Na ce wataƙila leda ce ta maƙale, na koma kan ɗinkina.

Ba a jima ba sama ya fara ɗumi. Lamurjen da nake haɗa wa Baba ya daina raɓa a jikin gora. Ganyen gwaza, wanda muke ce wa kontomire, ya yi yaushi, madara ta tsinke. Abin mamaki, ƙasa kuwa nama kamar dutse. Na murɗa maɓallin sanyi har ƙarshe, ba abin da ya canza. Sai wata safiya Baba ya ce tabarmarsa ta jiƙe. Na duba, ruwa ne ya silalo daga ƙarƙashin firjin. Da na zare durowar gaba ɗaya, na tarar da ƙanƙara ta shimfiɗu a ƙasan firizar kamar faranti, bangon baya kuma ya yi fari fat da dusar ƙanƙara.

Matan gidanmu kowa da abin da ta ce. Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wadda ɗakinta ke kallon namu, ta ce gas ne ya ƙare, nata ma haka ya yi. Wata ta ce yawan ɗauke wuta ne ya ƙone shi. Hajiya ce ta haɗa ni da mai gyaran da ke duba mata nata, wani dattijo ɗan kabilar Ga mai shago a Kokomlemle, kowa Masta yake ce masa. A cikin Hausawa ya tashi, yana jin Hausa irin ta zango, wadda mace da namiji duk kai ne. Da na kira shi, ganguna da ƙaho nake ji a bayansa. Ya tafi jana'iza ƙauyen matarsa, ba zai dawo ba sai bayan Sallah.

Na zayyana masa komai. Ya yi dariya.

"Anti, ba gas ba ne. Kowa gas, gas. In gas ya ƙare, ƙasa ma ba zai yi sanyi ba. Kai saurara. Wannan firji, ƙasa ne yake dafa sanyi. Akwai ƙaramin fanka a baya, shi yake hura shi zuwa sama ta wani rami. Yanzu ƙanƙara ya cika wurin, ya toshe rami, fanka yana bugun ƙanƙara. Shi ne kat-kat ɗin da tsoho ya ji."

"To, yaya zan yi, Masta?"

"Cire shi daga wuta. Kwashe kaya duka. Buɗe sama, buɗe ƙasa, sa tsumma, bar shi ya wuni ya kwana. Kada kai yi gaggawa, wanda yake ciki ya fi wanda ido yake gani. Kuma don Allah, Anti, ban da wuƙa."

Baba yana jin mu. Dama tun da safe ya sa na ɗauko masa tsohuwar wuƙarsa ta fawa, wai in ya sa hannu, kafin a tafasa shayi ya fasa ƙanƙarar. Na ɗaga murya na maimaita, "Masta ya ce ban da wuƙa."

"Na ji," in ji Baba. Ya tura ta ƙarƙashin tabarma.

Masta ya ƙara da cewa in na ja firjin daga bango, zan ga wani siririn bututu a baya da ke sauka cikin faranti a kan injin. Ta nan ruwan da ya narke yake fita. In ya toshe, ruwan sai ya koma ciki ya daskare, ya yi ta taruwa har ya malalo ƙasa.

Washegari da hantsi na kwashe kaya. Hajiya ta karɓi nama da kifi ta sa a babbar firizarta, ta ce in bar su har sai na tashi. Kayan miya na dafa abin da zai dafu, sauran na rarraba. Na zare filogi, na buɗe ƙofa, na fitar da durowa na jingine ta a baranda, na jera tsofaffin zannuwa a ƙasa.

Sai falon ya yi tsit. Ban san yadda kukan nan ya cika mana ɗaki ba sai da ya ɗauke. Baba ya yi ta gyara zama, ya juya nan ya juya can, carbinsa ya tsaya a hannu. Wani farin tururi yana fitowa daga bakin firizar yana bin ƙasa, ya lulluɓe ƙafafunsa, ya ɓace. Hasken rana ya shigo ta tagar gilashi ya kwanta layi-layi a kan siminti. Can sai ɗigo ya fara, ɗis, ɗis, a cikin kwanon da na tara.

Ban koma kan keke ba. Na ɗauko wata riga da ke jiran maɓalli, na zauna kusa da shi.

"Kin san uwarki ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a gidana?" in ji shi.

Na ce ban sani ba. Baba ba mai yawan zancenta ba ne.

Ya ce lokacin suna Sabon Zango, tana amarya, an kawo ta daga wani ƙauye a arewa inda ruwan randa shi ne iyakar sanyi. A zamanin nan ƙanƙara a bakin teku ake sayar wa masu kifi, manya-manyan dunƙule a cikin garin katako. Wata rana ya roƙi wani abokinsa ya gutsuro masa, ya naɗe a buhu, ya taho da sauri yana ɗiga masa a riga. Da ya ba ta, ta karɓa da hannu biyu, ta saki ƙara ta yar, ta ce ya ƙone ta. Sannan ta tsuguna tana kallonsa. Ta lasa. Ta yi ta dariya har da hawaye.

"Sai ta ce ba za ta sha ba. Innarta za ta zo ganin ɗaki washegari, ita za ta ajiye wa. Na ce mata ba ya kwana. Ta ce ai za ta ɓoye shi da kyau. Ta naɗe shi a sabon ɗankwali, ta sa a kwano mai murfi, ta tura can ƙarƙashin gado."

"Sai me ya faru, Baba?"

"Sai da safe ta buɗe, ɗankwali yana iyo. Ta dube ni, ta ce, Malam, kai ka shanye." Ya yi murmushi, fararen idanunsa suna kallon wani wuri sama da kaina. "Ruwan dai ta ba innar. Ta ce mata, Inna, sha, jiya dutse ne."

Ɗigon ya ci gaba. Zafi da shiru suka taru suka danne ni, allura tana hannuna na fara gyangyaɗi. A tsakanin barci da ido na ga wata yarinya da ban sani ba, siririya, da lalle a ƙafa, ta tsuguna a gaban firizarmu tana leƙa ciki. Ba ta juyo ba. Ni na san mahaifiyata da jiki da faɗa da ciwon baya, ban taɓa tunanin ta yi ƙuruciya ba. Ina shirin ce mata ta ɗiba, akwai da yawa. Sai wani abu ya faɗo rim a cikin firjin, na farka. Wani babban ɓangaren ƙanƙara ne ya saki daga bayan bango.

"Ya fara sakin jiki," in ji Baba.

Bayan la'asar Hajiya ta taya ni muka ja firjin daga bango. Abin da na gani a baya ya ba ni kunya da dariya. Ƙura ta yi wa ƙarafunan bayansa riga, ga yanar gizo, a gefen injin kuma inda ke da ɗumi, ɓera ya yi sheƙa da ƙyallayen ɗinkina. Na gane su ɗaya bayan ɗaya, atamfar wata amarya, leshin Hajiya na bara, har da shaddar da na yi wa Baba jamfa. Hajiya ta ɗaga guntun leshinta tana cewa, "Kai, wannan ɓera ya san kaya." Allah ya taimaka bai ci waya ba.

Na share ƙurar da tsohon buroshi mai laushi. Na sami bututun da Masta ya faɗa, bakinsa na roba ne, ya manne da wani baƙin datti mai yauƙi. Na zare shi na wanke da ruwan ɗumi, na matsa bakin har ya buɗe, na mayar. Ko minti ba a yi ba ruwa ya fara zuba a farantin, siriri, mai sanyi.

"Yanzu ya sami hanya," in ji Baba daga inda yake. Ya ji kafin in faɗa.

Da gari ya waye na goge ko'ina ya bushe, na mayar da durowa, na bar tazara tsakaninsa da bango yadda zai sha iska, na sa filogi. Injin ya yi ajiyar zuciya ya kama. Baba ya ɗora kunne a jikin ƙofa ya daɗe. Babu ƙwanƙwasa. Kafin azahar gorar ruwa ta yi raɓa, na miƙa hannu can bayan shantar sama na ji iska mai sanyi tana fitowa ta ramin da ban taɓa lura da shi ba, wanda na saba jingina masa tukunyar miya. Tun daga ranar na daina toshe shi.

Mun yi Sallah lafiya. Mijina ya dawo da rago daga arewa, Baba ya zauna a tsakar gida ya feɗe shi da lalube, hannunsa yana bin gaɓoɓi kamar yana gani, yana faɗa mini wanda za a soya da wanda za a sa a durowa. Ya hana ni sa nama da ɗuminsa, ya ce sai ya huce.

Bayan wasu makonni kat-kat ɗin ya dawo. A wannan karon Masta yana gari. Ya zo da jakarsa, gajere mai furfura, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Baba. Ya kwance bangon bayan firizar, ya nuna mini fankar, ƙarama kamar tafin hannu, da wani siririn ƙarfe a ƙarƙashin bututan sanyi. Ya ce hita ce, aikinta ta riƙa narkar da dusar lokaci-lokaci ba tare da kowa ya sani ba. Tamu ta mutu, shi ya sa ƙanƙara ke komowa. Ya sa wata. Sannan ya maƙala guntun takarda a bakin ƙofa ya rufe, ya ja, ta zare ba wuya. Ya ce robar ƙofar ta saki, iskar ɗaki tana shiga. Ya sa na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ya gasa ta da tsumma mai zafi har ta kumburo, ya murɗa ƙafafun firjin na gaba suka ɗan ɗaga yadda ƙofar za ta riƙa komawa da kanta. Ya ce in an ɗauke wuta in zare filogi, in ta dawo in bari ta zauna tukuna.

Yana haɗa kayansa ne ya dubi Baba da kyau.

"Baba, wannan ido, yana ne?"

"Yana ce. Sun ce a yi aiki, na ce a'a. Na yi shekaru ina riƙe wuƙa, na san abin da take yi."

"Ni ma an yi mini, wannan na hagu," in ji Masta. "Da, ko waya ja da baƙi ba na rabewa. Ba zafi, Baba. Kana kwance kana jin su suna hira."

Baba ya ce wa Masta ya matso. Ya kai hannu ya shafa fuskar Masta, ya taɓa fatar idon a hankali da babban yatsa. Ya tambaye shi ko an sa shi barci, ko ya ga wuƙar, ko an bar shi ya yi sallah da sujada bayan nan. Masta ya amsa masa duka, bai ƙara gishiri ba. Mu mun yi shekara muna lallashinsa ya yarda a yi aikin, ni da yayyena, ba mu ci nasara ba. Masta ya tafi. Sai ranar wata Juma'a, ina ɗaura masa rawani, ya ce, "Uwata, ki tambaya mini ranar da likitan ido yake zama."

Ido ɗaya aka yi wa aiki, na dama. Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida a tasi, yana sanye da baƙin tabarau, ya ƙi buɗe idon sosai a hanya, wai hasken ya yi yawa. Sai da muka shiga falo, na saki labule, ya zare tabarau. Ni ya fara kallo. Ya daɗe yana kallona.

"Uwata, yaushe kika yi furfura?"

Na kai hannu na shafa kaina. Ya juya a hankali yana bin ɗakin, agogon bango, kujera, tabarmarsa da ta sha jiki. Sai idonsa ya tsaya a kusurwa.

"Wannan shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Ruwan toka ne ashe. Ni fari nake ganinsa, fari tas, kuma ya kusa taɓa rufi." Ya matsa kusa, ya ga inda ƙofar ta loɓa, da tsatsar da ta fara ci daga ƙasa, da hoton lemo da jikokin tsohuwar mai shi suka manna. Ya girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ɗan wannan ne yake duk wannan magana?"

Baba dogo ne, ko da tsufa ya ranƙwasa shi ya fi ni tsawo nesa. Ya leƙa saman firjin, inda idona ba ya kaiwa, ya ja yatsa a kai, ya duba yatsan da sabon idonsa.

"Nan ba kya sharewa," in ji shi. "Miƙo mini tsumma."